Ajin da Ba Ya Cikin Takarda

Ranar Alhamis takardar ta iso, ana tsakiyar darasin lissafi. Malama Ummuhani tana tsaye gaban allo da ɗan guntun alli a hannu, yara tamanin da bakwai sun zuba mata ido, sai ga wani ɗan taksi-moto, mai babur ɗin haya, ya leƙo ta taga da ambulan, yana tambayar ina darakta, wato shugaban makaranta.

"Wanne daga ciki?" in ji ta.

Ajin ya kwashe da dariya, har ɗan saƙon ma ya murmusa. A shekara uku makarantar nan ta gwamnati da ke unguwar Kilomita Biyar ta ga daraktoci biyar. Akwai wanda ya yi wata tara. Akwai wanda ya zo aka yi masa liyafar maraba, ya ci naman rago, ya yi jawabi, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Na biyar an ɗauke shi makonni uku da suka wuce, ya bar ofis da kwaɗo a ƙofa, na shida kuwa har yau ana cewa yana hanya. Can sama ma haka abin yake. Ofishin da ke kula da makarantun wannan yanki na Bangui ya yi sabon shugaba, na uku a shekara biyu, wani wai shi Misye Firmen, wanda babu wanda ya taɓa gani a unguwar.

Shi ne ya sa hannu a takardar. Ummuhani ta karanta ta a tsaye, sau biyu, Faransancin yana yi mata rawa a ido. Kasafin bana bai zo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, in ji takardar, don haka ba za a sayi benci ko ɗaya ba a yankin. Amma rajista ta nuna makarantar Kilomita Biyar tana da aji biyar, tana kuma da bencuna talatin da suka wuce bukatarta. Ranar Litinin mota za ta zo ta kwashe su zuwa wata makaranta da yara ke zaman ƙasa. Mai kula da makaranta zai sa hannu a takardar miƙa kaya.

Ta ɗaga kai ta dubi bencuna talatin ɗin. Ga su nan jere a gabanta, kusan kowanne da yara uku a kai, wasu suna leƙen allon juna.

Aji biyar ne a rajista. Nata ne na shida, kuma gwamnati ba ta san da shi ba. Iyaye ne suka buɗe shi da yaran suka yi wa ajin ƙarshe yawa, su suke riƙe da ita, malamar iyaye ake ce mata. Kowane darakta ya zo sai ya dafa ƙirji ya ce zai shigar da ajin a takarda, kafin ya nemo biro an ɗauke shi. Saura mako bakwai jarrabawar gama firamare. In aka kwashe bencunan, sai a tura yaranta ajin ƙarshe na Malam Luqman, inda mutum ɗari da wani abu suke matse tuni, na baya ba sa jin abin da ake faɗa a gaba. Ta kuwa san iyayen unguwarta sarai. Yaron da ba shi da wurin zama a makaranta yana da wurin zama a shago. Cikin mako biyu za ta ga rabin ajinta a bayan kantar shago suna auna sukari.

Ta ninke takardar ta sa a aljihun jaka.

"Mu ci gaba," ta ce. "Wa zai raba mana ɗari tara da sittin gida goma sha biyu?"

Muryarta ba ta yi rawa ba. Allin ne ya karye a hannunta.

Da aka tashi, ba ta nufi gida ba. Ta ratsa ta titin Koudoukou da ƙafa, ta wuce shagunan 'yan sari da masu tura kura suna ta ihun a ba su hanya, ta gangara unguwar Kokoro, wurin Baba Ɗantsoho kafinta. Shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, ko da yake shi kansa ba shi da sauran ɗa a duniya. Ta same shi a rumfarsa yana goge wata ƙofa, dusar katako ta yi masa fari a gemu.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ɗiyata. Wannan tafiya taki ba ta lafiya ba ce. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ta fassara masa takardar layi-layi. Ya saurara har ta gama, hannunsa yana kan ƙofar.

Su biyun sun san abin da takardar ba ta sani ba. A shekarar tashin hankali, lokacin da unguwar ta zama kamar kurkuku, mutanen da suka gudo suka fake a makarantar sun ƙona bencunan gwamnati kaf, suka dafa abinci da su. Babu wanda ya ga laifinsu. Da abubuwa suka lafa aka buɗe makaranta, sai mutane suka fara zuwa rumfar Ɗantsoho da katako, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zaɓar lokacin da ba zai haɗu da wani ba. Wannan ta kawo ƙofar shagon mijinta da aka kashe. Wancan ya kawo kantar ƙanensa da ya fita bai dawo ba. Kowa abu ɗaya yake faɗa: a yi benci, ladan ya je wa wane. Ɗantsoho yakan sa ƙusa a wuta, ya rubuta sunan mamacin a ƙarƙashin bencin, inda ido ba ya kai wa.

Daraktan lokacin, mutumin kirki, ya zo da takarda ya ce a ba shi sunayen waɗanda suka bayar don ya rubuta cewa kayan iyaye ne. Ko mutum ɗaya bai yarda ba. Sadaka ce, suka ce, ba za a yi shelarta ba. Ya roƙa, ya gaji, dole kuma ya cike gurbin da wani abu. Sai ya rubuta: kayan gwamnati.

"Baba," ta ce, "ranar Litinin mu juya su. Duka talatin. Ya gani da idonsa ko gwamnati ce ta rubuta sunayen nan."

"A'a."

"Baba..."

"Na ce a'a, Ummuhani." Ya ajiye abin gugarsa. "Mutane sun zo mini a ɓoye suna kuka. Akwai wadda ko 'ya'yanta ba su san ta bayar ba. Ni zan kifa sirrinsu a tsakar makaranta 'yan dako suna kallo? Kuma ki tsaya ki ji. Abin da muka ba Allah, mun ba shi. In an kai su can, yara ne za su zauna a kai. Yaran can ma uwa ce ta haife su. Ladan ba zai ɓata a hanya ba."

Maganar ta soke ta, don ta san gaskiya ce. Ta juya ta kalli titi don kada ya ga idonta.

A cikin talatin ɗin akwai ɗaya da ta ajiye a layin gaba, gefen taga, na jan katako mai nauyi wanda ba irin na benci ba. Zayyad ne ya sayo katakon, ɗan Ɗantsoho tilo, saura wata biyu aurensa da Ummuhani. Gado ya yi niyyar yi musu da hannunsa. Ya taɓa kai ta ta gani a bayan rumfar nan, yana shafa shi yana cewa ko jikokinsu ba za su karya shi ba, ita kuma tana rufe fuska da mayafi tana ce masa ba shi da kunya. Wata safiya ya fita ya ɗauko gwaggonsa daga wata unguwa. Gwaggon ta iso bayan kwana uku. Shi bai iso ba. Shekara biyu katakon yana jingine, sannan wata rana Ummuhani ta zo ta tsaya daidai inda take tsaye yanzu, ta ce, Baba, a yi benci.

"Ba katako nake bi ba," ta ce a hankali. "Wallahi da ajina yana cikin takardarsu, da za su kawo wasu, da ni zan taya su lodi. Amma in bencunan nan suka fita ta ƙofa, ajin ya fita tare da su. Sun rubuta katako, Baba, sun manta da yaran da ke kai. Shekara uku ina koyar da yaran da babu su."

Tsohon ya sake ɗaukar abin gugarsa.

"Zan zo ranar Litinin," ya ce. "Zan tsaya. Amma ba zan juya ko ɗaya ba, kuma ban ba ki izini ba."

Kafin Asabar labari ya gama unguwa. Hureira mai atamfa, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda 'yarta ke cikin ajin, ta faɗo mata gida ko sallama ba ta gama ba.

"Ke Ummu, wai da gaske ne? Benci? Yanzu har benci ya zama abin kwashewa? Gobe kuma sai su zo su ce alli ya yi mana yawa. Bari kawai, na yi magana da matan layinmu. Mu rufe shaguna, samari su jera tayu a bakin titi, motar ta ga ta inda za ta shigo."

"Taya ko ɗaya ban yarda ba."

"To da me za ki tare mota? Da Faransanci?"

"Hureira, in hayaƙi ya tashi a unguwar nan, kin san abin da rediyo zai ce kafin azahar. Kilomita Biyar sun sake. Ba benci za su ɗauka ba, makarantar za su rufe gaba ɗaya, su ce babu tsaro. Ku zo, amma ku zo da hannu biyu kawai. Ku tsaya a inuwar mangwaro."

"Mu tsaya mu yi me?"

"Ku yi kallo. Ai kin iya."

"Allah ya shirye ki," in ji Hureira, tana gyara ɗaurin kallabi. "Baki fa? Shi ma a gida zan bar shi?"

"Shi kam na san ko na ce ki bari ba zai zauna ba."

Ranar Lahadi da rana ta sake ɗauko takardar. Ta karanta ta har ta kusa haddacewa, tana neman ko da ƙofa ɗaya. A layin ƙarshe idonta ya tsaya. Ta duba kalandar da ke bango. Litinin ƙarshen wata ne, ranar da malaman gwamnati ke tafiya cikin gari tun da sassafe su bi layin albashi, ba sa dawowa sai la'asar. Ta ninke takardar ta mayar cikin jaka.

Litinin ta waye da hadari a gabas, amma ruwa bai sauko ba. Sauran azuzuwan biyar babu malami, yaransu suna ta tsalle a fili. Ummuhani ta shiga nata ta rufe rabin ƙofa.

"Ku saurara," ta ce, da Sango, yaren ƙasar, don kowa ya ji har cikin ransa. "Me kuke yi in baƙo ya shigo aji?"

"Mu miƙe mu gaishe shi!"

"Haka na koya muku, kuma haka ne daidai. Amma yau kaɗai, a zaune za mu gai da baƙo. Ku gaishe shi da ladabi, da murya mai kyau. Wanda ya ɗaga ko da rabin jikinsa daga benci, ni da shi ne."

Yaran suka kalli juna, ido yana ƙyalli. Ba a taɓa ba su umarni mai daɗin wannan ba.

Wajen ƙarfe goma motar ta shigo tana tari, tsohuwa, da 'yan dako biyu a baya. Mata kusan ashirin suna tsaye a ƙarƙashin mangwaro, Hureira a gaba ta harɗe hannu. Ɗantsoho yana gefe shi kaɗai da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, kamar wanda ya biyo hanya ne kawai.

Ummuhani ta zaci za ta ga mai tumbi da ƙamshin turare. Wanda ya sauko siriri ne, mai furfura a gefen kai, takalminsa ya sha jar ƙasa, wuyan rigarsa ya fara cinyewa. Ya riƙe wata tsohuwar jaka a ƙirji. Ya dubi ofishin darakta da kwaɗonsa, ya dubi matan, sannan ya nufo ajin da ya ji ana karatu.

Ya sa ƙafa a ƙofa. Muryoyi tamanin da bakwai suka gaishe shi a tare, da Faransanci tsaf, har kwanon rufi ya amsa. Ko yaro ɗaya bai motsa ba.

Misye Firmen ya tsaya cak. Shi ma tsohon malami ne, ya san abin da ya gani.

"Madam, haka kike koya musu?"

"Yau kaɗai, ranka ya daɗe. Bara ala," ta gaishe shi da Sango. "Sannu da zuwa ajin da babu shi."

"Ba wasa na zo yi ba." Ya buɗe jaka ya zaro rajista. "Man da ke cikin motar nan na zuwa ɗaya ne da komawa ɗaya, shi ma da kyar na samo. Aji biyar, bencuna talatin rara. Ga shi a rubuce. Ki tashe su."

"Ka tashe su da kanka, ranka ya daɗe. Ni ban ga rara ba. Na ga Nafisa, na ga Alhasan, na ga Hauwa'u. In ka nuna mini wanda ake kira Rara a cikinsu, sai ya tashi."

Wata dariya ta taso daga taga, inda matan suka matso. Fuskar mutumin ta ɗaure.

"Kina tsammani daɗi nake ji? Madam, inda zan kai su akwai yara ɗari da arba'in a kan bulo. Bulo! In ruwa ya sauko a tsaye suke karatu. Su ma jarrabawar nan za su zauna. Ba ni na yanke kasafi ba, ba ni na rubuta rajistar nan ba, na tarar da ita ne. Kayan gwamnati ne, gwamnati ta ce a raba." Ya juya ga 'yan dakon. "Ku fara da na gaba."

Suka shigo suna jan ƙafa. Na gaban shi ne na jan katako. 'Yan mata ukun da ke kai suka riƙe gefensa da hannu bibbiyu.

Ummuhani ta dubi ƙofa. Ɗantsoho yana tsaye a wurin, ya girgiza mata kai sau ɗaya, a hankali. Shekara da shekaru ba ta taɓa saɓa wa tsohon nan ba. Da Allah ya so, da surukinta ne.

"Ku tashi, 'yan matana," ta ce. "Ku uku kawai."

Suka tashi. Ta sunkuya ta kama bencin ita kaɗai, mai nauyin da maza biyu ke ɗauka, ta ja, ta tura da gwiwa, ya kife a ƙasa da ƙara. Ƙura ta tashi. A cikinsa, baƙi ƙirin, ga rubutun ƙusa mai zafi: Zayyad ɗan Ɗantsoho, da shekarar.

Yaran da suka yi shekara suna zama a kai ba su taɓa sani ba.

"Gadon aurena ne," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Wanda zai yi shi bai dawo ba. Ka duba rajistarka, ranka ya daɗe, ko za ka ga ranar da gwamnati ta sayo shi."

Misye Firmen ya dubi sunan, ya dubi sauran bencunan ashirin da tara.

"Duka haka suke?"

A taga wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wannan kaɗai nake da ikon juyawa," in ji Ummuhani. "Sauran ba nawa ba ne."

Mutumin ya tsuguna kusa da benci na biyu. Bai leƙa ba. Ya dai zura hannu ƙarƙashi, tsakanin ƙafafun yaran, yana shafawa, har yatsunsa suka tsaya a kan wani abu. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, babban cikin 'yan dakon ya riga ya koma bakin ƙofa.

"Shugaba, ka yi haƙuri," ya ce da Sango. "Ni buhu nake ɗauka da siminti. Ban ɗaukar kayan matattu daga ƙarƙashin 'ya'yansu."

Misye Firmen ya share goshi da bayan hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka, amma bai janye ba.

"Allah ya ji ƙansa, Madam. Da gaske nake. Amma ni ba ni da ikon goge layi ɗaya daga rajista, wannan sai ma'aikata, kuma kafin su amsa ni ma wataƙila an ɗauke ni. Abin da aka rubuta na gwamnati, na gwamnati ne. In ban kwasa yau ba, wani zai zo ya kwasa da 'yan sanda. Gara ni." Ya zaro wata takarda ya miƙa mata da biro. "Zan bar miki wannan ɗaya. Ki sa hannu a nan, kin miƙa ashirin da tara."

Ta dubi biron, ba ta karɓa ba.

"A matsayin wa?"

"Mai kula da makaranta."

"Darakta? Ga ofishinsa can da kwaɗo. Na biyar ya tafi, na shida bai zo ba. Malaman da ke cikin rajistarka suna layin banki. Ni kuwa ka duba da kyau, ranka ya daɗe. Ummuhani Ya'u. Akwai?"

Ya duba, ko da yake ya san amsar.

"Babu. To in na sa hannu, wa ya miƙa maka kaya? Gobe in aka tambaye ka ina bencuna talatin na gwamnati, sai ka nuna hannun matar da babu ita, malamar ajin da babu shi. Ba ni za a kira ɓarawo ba."

"Sai in rubuta ki yanzu. Wannan kam ina da iko. Layi biyu ne."

"Bismillah. Ka rubuta ni, ka rubuta abin da nake koyarwa. Aji na shida, yara tamanin da bakwai."

Ya ɗora biro a kan takarda, sannan ya tsaya. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa. In akwai aji na shida, yara tamanin da bakwai suna bukatar wurin zama. Uku-uku a benci, ashirin da taran nan cif-cif. Babu rara ko ɗaya.

Ya ɗago ya kalle ta, ya daɗe. Sai wata dariyar gajiya ta kuɓuce masa, ya girgiza kai.

"Tun yaushe kika shirya mini wannan?"

"Shekara uku nake jiran wanda zai zo da biro a hannu."

"Kuma in koma da mota wayam. Me zan ce wa yaran can?"

Ta ga bulon a idonta, ta ga ruwa yana shigowa ta ƙofa, ta ji nauyin abin har cikin ƙashinta. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ban san me za ka ce musu ba," ta ce. "Ka dai daina ce musu mu rara ne."

Ya nemi inda zai dafa. Teburin malama ƙafa uku gare shi, don haka ya durƙusa ya ɗora takardar a kan kifaffen bencin, kusa da sunan, ya rubuta. Ya rubuta biyu, ɗaya tasa, ɗaya tata.

"Da hatimi," in ji Ummuhani.

"Zan buga a ofis in aiko miki."

"Wanda ya gabace ka ma haka ya ce. Yau, ranka ya daɗe. Kai da bakinka ka ce wataƙila kai ma a ɗauke ka."

Ya laluba jaka ya fito da hatimin, a naɗe cikin tsumma. Tawadar ta bushe. Ya buga, bai fito ba. Ya huhhura masa iska daga baki, ya sake bugawa, ya fito dishi-dishi.

"Kai jama'a!" Hureira ta ɗaga murya daga taga. "Gwamnatin da ko tawada babu ce za ta kwashe mana benci? Ke Salamatu, miƙo shunin nan na jakarki, mu taimaka wa hukuma!"

Aka fashe da dariya, har direban motar. Misye Firmen bai yi fushi ba. Ya karɓi ɗan ƙullin shunin wanki, aka ɗiga ruwa, ya dangwala, ya buga da ƙarfi sau biyu. Hatimin ya fito shuɗi shar.

Yana mayar da kaya jaka sai Ɗantsoho ya tare shi a ƙofa.

"Yaran can na kan bulo," ya ce, da Sangonsa na tsofaffi, "'yan aji nawa ne?"

"'Yan ajin ƙarshe, Baba. Me ya sa?"

"Tsawon ƙafar benci nake tambaya. Ina da katakon da zai yi huɗu, bai fi ba. Ka aiko ranar Juma'a bayan masallaci." Ya gyara jakar da ke kafaɗarsa. "Kuma wannan karon ka rubuta na wane ne. Ɗantsoho kafinta, Kokoro. Ka rubuta da manyan baƙi."

Motar ta fita kamar yadda ta shigo, tana tari. Matan suka watse suna maimaita maganar shuni. Tsohon ya shigo ajin, ya tsaya a kan bencin da ke kife. Tun ranar da ya rubuta sunan nan bai sake ganinsa ba. Ummuhani ta kasa haɗa ido da shi.

"Kin juya," ya ce.

"Na juya, Baba. Ka yafe mini."

"Ɗana ne."

"Na sani."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙo hannu, ta ɗauka hannunta yake nema, ashe takardar yake so. Ya ciro leda daga jakarsa ya sa ta ciki, ya durƙusa da kyar, ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin bencin, dab da sunan Zayyad. Ƙusa huɗu ya buga, ɗaya a kowace kusurwa, guduma tana amsawa a cikin ajin da ko tari babu mai yi.

"Ofis ana canja masa kwaɗo," ya ce, yana miƙewa. "In na shida ya zo ya ce bai san da ku ba, kin san inda take. Tunda kin iya juyawa."

Su biyu suka kama bencin, shi gefe ɗaya ita gefe ɗaya, suka tayar da shi a kan ƙafafunsa. 'Yan matan uku suka tsaya suna kallonsa, sun kasa zama.

"Me kuke jira?" in ji Ummuhani, tana goge ido da gefen mayafi. "Don a zauna aka yi shi. Ku zauna."

Suka zauna a hankali. Ruwan da ya yi ta alkawari tun safe ya fara sauka a kan kwano. Ta ɗauki guntun allinta ta juya ga allo, ta ɗaga murya yadda na layin baya za su ji.

"Saura mako bakwai, har yanzu wasunku ba su iya rabawa ba. Ku buɗe littafi."